Eldred Jones da 'Yan Ƙasar Othello: A Gyara Yadda Ake Koyar da Shakespeare, Kada a Sauke Shi

A shekarar 1600, mai neman littafi a Landan zai iya shiga shago ya fito da wani da ke ɗauke da sunayen Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir da Agadas. Rubutun sunayen ya karkace, an sa Cano da Casena da Zegzeg da Guber, amma garuruwanmu ne. Littafin na Hasan bin Muhammad al-Wazzan ne, mutumin Fas wanda Turawa ke kira Leo Africanus, John Pory kuma ya mayar da shi Turanci. A watan Agusta na wannan shekarar jakadan sarkin Maroko, Abdulwahid bin Mas'ud, ya sauka Ingila da tawagarsa. Sun yi kusan wata shida mutanen Landan na ganinsu da rawunansu, har aka zana hoton jakadan, hoton da yake nan har yau. Ranar 1 ga Nuwamba 1604 aka yi wasan Othello na William Shakespeare a fadar Sarki James na Ingila, labarin baƙin janar na Venis da Iago, wani jami'insa, ya zuga har ya kashe matarsa Desdemona.

Wanda ya tattara irin waɗannan shaidu a littafi guda, ya ajiye su kusa da wasannin kwaikwayon zamanin, ya ce a karanta su tare, mutumin Afirka ta Yamma ne, Farfesa Eldred Durosimi Jones na Saliyo. Ra'ayina shi ne sassan Turanci na jami'o'inmu suna da bashinsa a wuya, kuma hanyar biya ita ce a koyar da Shakespeare yadda ya nuna. Masu cewa a cire Shakespeare daga manhaja saboda kayan mulkin mallaka ne, da masu koyar da Othello kamar labarin kishin miji kawai, duka sun bar abin da ya fi amfani ga ɗalibinmu a ƙasa.

An haifi Jones a Freetown ranar 6 ga Janairu 1925, cikin al'ummar Kiriyo, zuriyar bayin da aka 'yanta aka zaunar a gaɓar Saliyo. Ya yi karatu a Kwalejin Fourah Bay, wadda aka kafa a 1827 kuma aka haɗa ta da Jami'ar Durham tun 1876, daga nan ya tafi Oxford, sannan ya sami digiri na uku daga Durham a 1962. Wannan kundin ne ya zama littafin Othello's Countrymen, wato 'yan ƙasar Othello, wanda ya fito a 1965. A 1971 ya ƙara da ɗan ƙaramin littafi a kan surar Afirka a idon mutanen zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya. Bai tsaya ga Turawa ba. Ya kafa mujallar African Literature Today a 1968, ya shirya ta sama da shekara talatin, ya rubuta littafi a kan ayyukan Wole Soyinka a 1973, shi da Clifford Fyle suka fitar da ƙamus na Kiriyo da Turanci a 1980, ya kuma shugabanci Fourah Bay daga 1974 zuwa 1985. Da idanunsa suka rufe, matarsa Marjorie ce ta zama mai karanta masa kuma abokiyar aikin tace rubutu, mujallar ba ta tsaya ba. Ya rasu a Freetown ranar 21 ga Maris 2020 yana da shekara 95. Mutum ɗaya ne ya yi aikin Shakespeare da na Soyinka da na ƙamus ɗin harshen uwa, bai ga wani karo tsakaninsu ba, kuma wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa dole a zaɓi ɗaya.

Sai an san abin da ya tarar kafin a gane nauyin littafin. A 1693 mai sharhin adabi Thomas Rymer ya yi wa Othello ba'a, yana ganin bai shiga hankali ba a ce Venis ta ba baƙar fata janar, balle 'yar manya ta aure shi. A farkon ƙarni na sha tara mawaƙin Ingila Coleridge ya ce ba zai yiwu Shakespeare ya nufi baƙin mutum na sosai ba. Daga 1814 ɗan wasa Edmund Kean ya rage baƙin shafin da ake yi, ya mayar da Othello wankan tarwaɗa, aka daɗe ana bin sa a haka. Har bugun Othello mai sharhi na jerin Arden na 1958, wanda M. R. Ridley ya shirya kuma ɗalibai suka yi ta amfani da shi kusan shekara arba'in, gabatarwarsa na auna kamannin baƙar fata da kalaman ƙasƙanci. A 1964 Laurence Olivier ya shafe jikinsa da baƙin fenti ya hau dandamali a Landan, aka yi fim ɗin a 1965, shekarar da littafin Jones ya fito. Ƙarƙashin duk wannan akwai zato guda: wai Ingilishin zamanin Shakespeare ba su san baƙar fata ido da ido ba, saboda haka launin Othello ado ne kawai ko kuskure.

Jones bai amsa da zafin rai ba, takardu ya kawo. Tsarin aikinsa abu ne da kowane ɗalibin digiri na biyu zai iya bi. Ana farawa da abin da mutanen suka karanta: tatsuniyoyin Pliny da Mandeville na mutane masu kai a ƙirji da masu cin naman mutane, waɗanda Othello da kansa yake ambata lokacin da yake ba da labarin yadda ya ja hankalin Desdemona, sannan rahotannin matuƙa jirgin ruwa da Richard Hakluyt ya tattara a 1589 ya faɗaɗa tsakanin 1598 da 1600. A ciki ne aka ji cewa tafiyar John Lok ta dawo da 'yan Afirka biyar Ingila a 1555 daga gaɓar da a yau ke cikin Gana. A ciki kuma aka ji John Hawkins ya je Saliyo a tafiyarsa ta 1562, ya kwashi mutum wajen 300, wasu da takobi, ya sayar da su a tsibirin Hispaniola. Wato gaɓar da aka haifi manazarcin ita ce wadda Ingila ta fara cinikin bayinta na ƙetare teku a kai, kafin a haifi Shakespeare da shekara biyu.

Mataki na gaba shi ne takardun hukuma, sai kuma wasannin kansu, duka, ba na Shakespeare kaɗai ba. A nan ne aikin ke da wahala, domin dole a karanta wasannin da babu mai yin su yau. Da Jones ya jera su sai fasali biyu suka bayyana. Akwai baƙi mugu, mai makirci da sha'awa, irin Muly Mahamet na wasan George Peele a kan yaƙin Alcazar, da Aaron na Titus Andronicus, da Eleazar na Lust's Dominion. Akwai kuma mai haske, mai sarauta da kwarjini, irin Abdelmelec a wannan wasa na Peele da Yariman Maroko mai neman auren Portia a wasan Shakespeare The Merchant of Venice. Yaƙin Alcazar ya faru da gaske a Maroko a 1578, sarakuna uku suka mutu a cikinsa har da Sebastian na Fotugal, Ahmad al-Mansur ya hau mulki. Shi ne wanda sojojinsa suka karya Songhai a Tondibi a 1591, shi ne kuma ya aika jakadan nan Landan. Hukuncin Jones shi ne Shakespeare ya san fasalin nan biyu sarai, ya ba Othello fatar na farko da martabar na biyu, ya sa kalaman ƙiyayyar a bakin Iago da Roderigo mai son Desdemona da Brabantio mahaifinta.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa: me mai kallo ya gani da idonsa? A bukukuwan fada na farkon ƙarni na sha shida, baƙin yadi ake rufe fuska da wuya da hannu da shi, ana amfani da karan-miski da safar hannu, da fatar ɗan rago a madadin gashi. Wani zane na wajen 1595 ya nuna Aaron baƙi ƙirin tsaye da takobi, wanda ke kashe gardamar wankan tarwaɗa a kansa. Ranar 6 ga Janairu 1605, wata biyu bayan Othello, Sarauniya Anne da matan fadarta suka fito a wasan Ben Jonson a matsayin 'ya'yan Kogin Kwara, wannan karon da fenti a fuska da hannu har gwiwar hannu. Dudley Carleton, wanda ya kalla, ya rubuta wasiƙa yana ƙyamar abin. Fentin ba ya wankuwa nan take a gaban jama'a, alkawarin da wasan ya yi na mayar da su farare kuwa sai a wasa na biyu aka cika shi, a 1608. Jonson ya ambaci Leo Africanus da suna cikin waɗanda ya dogara da su. Mai nazarin da bai duba irin wannan ba zai yi ta gardama a kan kalmomi alhali amsar na cikin lissafin kayan wasa.

Hanyar tana da ramuka, kuma an san inda suke. Na farko kalmar "Moor" ce. A bakin mutanen zamanin tana iya nufin Musulmi, ko Balarabe ko mutumin ƙabilar Berber ta Arewacin Afirka, ko baƙar fata daga kudu da Sahara, har ma mutumin Indiya. Wanda ya ɗauki ma'ana ɗaya ya shafa wa kowane wuri zai ɓata. Magani shi ne a tattara duk abin da aka faɗa a kan jikin mutumin a cikin wasan, a rubuta wa ya faɗa, ga wa, da wace manufa. A Othello, Roderigo ya kira shi mai kaurin leɓe, Iago ya kira shi tsohon baƙin rago kuma dokin Barbari, Brabantio ya kwatanta ƙirjinsa da kunkunniya, Othello da bakinsa ya ce shi baƙi ne. Uku na farko maƙiyansa ne, na huɗu kuwa ya faɗa ne bayan dafin Iago ya fara shigarsa, yana neman dalilin da zai sa matarsa ta guje shi. Wannan jerin ya fi duk wata muhawara a kan ƙasarsa ta asali koyarwa.

Na biyu wasiƙun Sarauniya Elizabeth ne na 1596 da takardar 1601 a kan fitar da baƙaƙe daga Ingila. Ana yawan kawo su a matsayin korar jama'a gaba ɗaya. Binciken da ya biyo baya, musamman na Miranda Kaufmann, ya nuna cewa batun ya rataya ne ga wani ɗan kasuwar Lübeck, Caspar van Senden, wanda ya dawo da fursunonin Ingila 89 daga Sifaniya da Fotugal, yana neman a saka masa da izinin kwasar baƙaƙe ya kai can. Izinin 1596 ya gindaya sharaɗin yardar iyayen gidansu, ba su yarda ba, ta 1601 kuwa daftari ce. Takardun dai shaida ce mai ƙarfi cewa baƙaƙen suna nan, kuma harshen da aka yi amfani da shi a kansu na ƙyama ne. Amma wanda ya ce an kore su ya faɗi abin da takardar ba ta tabbatar ba, abokin gardama kuma zai kama shi a nan ya yi watsi da sauran hujjarsa masu kyau.

Na uku shi ne Leo Africanus kansa, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. An kama shi a teku a 1518, Fafaroma Leo na goma ya yi masa baftisma a 1520, ya gama rubutunsa da Italiyanci a 1526, Ramusio ya gyara ya buga a Venis a 1550, aka mayar Latin a 1556, daga Latin ɗin Pory ya ɗauko. Abin da Landan ta karanta ya ratsa hannu uku bayan na marubucin, kowanne ya ƙara ya rage. Shi ma marubucin fursuna ne da ke rubuta wa waɗanda suka riƙe shi. Ya yabi Kano da attajiranta, ya yi wa mutanen Zamfara mummunar siffa, ya ce Kwara yamma take gudu alhali a wajen Tambutu gabas take yi, masana tarihi kuma sun daɗe suna tantamar labarinsa na cewa Askiya ya ci ƙasashen Hausa. Littafin shaida ne na abin da Bature ya ji a kanmu a 1600. Mai ɗaukar sa a matsayin tarihin Kano sai ya auna shi da namu rubuce-rubucen tukuna.

Akwai kuma ƙaramin abu mai girman illa: bugu. Othello ya fito sau biyu da bambanci, ƙaramin bugu na 1622 da babban kundi na 1623, na biyun ya fi da layi kusan 160, har da waƙar da Desdemona ta rera kafin a kashe ta. A jawabin Othello na ƙarshe, ɗaya ya ce ya yar da lu'ulu'u kamar Ba'indiye, ɗaya ya ce kamar mutumin Yahudiya. Malami ya fara duba wanne ke hannun ɗalibansa kafin ya gina darasi a kan kalma.

Ban yarda da Jones a kan komai ba. Rabon nan na baƙi mugu da mai haske mai daraja ya fi tsabta a littafi fiye da a wasannin: Yariman Maroko mai hasken ma, da ya faɗi gwajin zaɓen akwati da ake yi wa masu neman auren, Portia ta yi fatan duk mai launinsa ya zaɓa haka. Kuma Jones ya sassauta wa Shakespeare. Gaskiya ne an ba Othello girma a farko, amma a ƙarshe mai kallo ya ga baƙin mutum ya shaƙe farar mace a gado, abin da Iago ya yi ta zugawa tun fage na farko. Ɗan wasa Hugh Quarshie, haifaffen Gana, ya daɗe yana tambayar ko ya dace baƙar fata ya karɓi wannan rawar, kafin ya yi ta a 2015 tare da Lucian Msamati, shi ma baƙar fata, a matsayin Iago. Tambayarsa na nan da ƙarfinta. Waɗanda suka zo bayan Jones sun cike wasu giɓin: Ania Loomba a 1989 da Kim Hall a 1995 sun nuna yadda maganar fari da baƙi ke cuɗe da maganar mata da kyau da dukiya, Imtiaz Habib kuma a 2008 ya fito da bayanai 448 na baƙaƙen mutane daga rajistar coci da sauran takardu tsakanin 1500 da 1677. Dukansu a kan harsashin da ya aza suka yi gini.

Giɓin da ya rage mafi girma shi ne addini, kuma a nan ɗalibin Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya fi na Landan shiri. Othello Kirista ne a wasan, Iago ya ambaci baftismarsa, an tura shi kare Kubrus daga Daular Usmaniyya, tsibirin da a tarihi ya faɗa hannunsu a 1571. Kalamansa na ƙarshe labari ne na yadda ya soke wani Baturke mai rawani, mai kaciya, a Halab, yana faɗa yana soke kansa. Wanda ya san ma'anar rawani da kaciya a rayuwarsa zai gane abin da mutumin yake kashewa a jikinsa ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Tsakanin 2016 da 2020 Othello ne wasan Shakespeare da WAEC ta sa a jarrabawar adabin Turanci, yara masu yawa a Najeriya da Gana da Saliyo suka karanta shi. Darasin da ya tsaya a kan kishi da hankicin da Iago ya kafa shaidar ƙarya da shi ya hana su abin da suka fi kowa cancantar gani.

Mai cewa a sauke Shakespeare yana da hujja: an shigo da shi makarantunmu ne don a nuna fifikon adabin mai mulki, kuma kowane mako da ya ci an rage shi ne daga marubutanmu. Na yarda da rabin farko. Amma waɗannan wasanni suna cikin wuraren da aka ƙera surar baƙar fata da har yau ake kallonmu da ita, a daidai shekarun da cinikin bayi na Ingila ke tsirowa. Wanda aka yi wa ƙage ba ya ƙin karanta takardar ƙarar. Abin da ake bukata bai wuce kwas ɗaya na zango guda ba. Mako uku na farko a ba takardu: babin ƙasar baƙaƙe na Leo a fassarar Pory, labarin Hawkins da Lok daga Hakluyt, wasiƙun 1596. Mako huɗu a ba Peele da Titus da fagagen Yariman Maroko da wasan Jonson. Mako huɗu a ba Othello, kowane ɗalibi ya yi jadawalin nan na wa ya faɗi me. Mako biyun ƙarshe a ba namu ɓangaren. Rubutun duk tsofaffi ne, babu haƙƙin mallaka a kansu, yawancinsu na intanet kyauta. Inda abin ke lalacewa shi ne idan aka fara da ra'ayoyin masana kafin takardun, sai ɗalibi ya haddace hukunci bai ga shaida ba, ko kuma a bar shi da tsohon Turancin Pory babu mai warware masa.

Namu ɓangaren kuwa yana da Larabci. A 1578 matuƙin jirgin ruwa George Best ya rubuta a Landan cewa baƙar fata gado ce daga la'anar da ta faɗa wa zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. A 1615, shekara guda kafin mutuwar Shakespeare, Shehu Ahmad Baba na Tambutu, wanda sojojin al-Mansur ɗin nan suka kwashe zuwa Marrakesh a 1594 ya dawo gida a 1608, ya amsa tambayoyin da suka zo masa daga Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, a kan bayin da ake kawowa daga kudu. A Mi'raj al-Su'ud ya ƙi karɓar labarin la'anar a matsayin hujja, ya kawo maganar Ibn Khaldun cewa yanayin ƙasa ke jawo launi, ya ce baƙar fata ba dalilin bautarwa ba ce, ya lissafa Barno da Kano da Katsina da Songhai cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Bai haramta bauta ba, ya bar ƙofarta a buɗe ga wanda ba Musulmi ba, kuma wajibi ne ɗalibi ya ga wannan ma, ya tambayi su wa aka bari a waje. John Hunwick da Fatima Harrak sun buga matanin da fassararsa a Rabat a 2000. Kwas ɗin zai bukaci malami daga sashen Turanci da wani daga sashen Larabci su shiga aji ɗaya na mako biyu, Best a hannun wannan, Ahmad Baba a hannun wancan, jami'o'i irin Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo kuwa duk suna da sassan biyu a haraba ɗaya.